Kwamfutar da Ka Ce Kada a Kashe

Ranar Laraba, tara ga watan da ya gabata, ina tsugune a ɗakin kwamfutoci na laburarenmu ina fama da wata firinta da ta haɗiye takarda, sai wayata ta yi ƙara. Yayanka ne. Bai ja magana ba, ya ce, "Injiniya, sai haƙuri, Allah Ya yi wa abokinka rasuwa." Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Na ajiye wayar na ci gaba da jan takardar nan kamar ba da ni aka yi magana ba, har ta yage a hannuna. 

Da ƙafarka ka tafi asibiti, jakarka a kafaɗa. Ka ce mini ƙirjinka ne yake ɗan riƙe ka in ka hau matakala, za su duba ka ka dawo. Har ka ce kada in taɓa kwamfutar da ke bakin taga, kai za ka duba ta da kanka. Tana nan ban taɓa ta ba.

Waɗanda suka san ka ba sa buƙatar in gabatar musu da kai, amma rubutu yakan faɗa hannun wanda bai taɓa ganin mutum ba. Ni da kai ne masu kula da kwamfutocin laburaren jama'a, inda ɗalibai da masu neman aiki da tsofaffin da 'ya'yansu ke nesa suke zuwa su shiga intanet. Shekara da shekaru tebur ɗaya muke zama, kuma ban san mutum biyu da hannunsu ya sha bamban a aiki kamar mu ba. Ni mai gaggawa ne. In burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ta yi mini gardama, sai in kutsa cikin saitinta, in danna nan in danna can har ta yi laushi, in kakkaɓe hannu in yi gaba. Kai kuwa ba ka yarda da gyaran hannu ba ko kaɗan.

Kai ka ɗora mana tsarin nan na sarrafa kwamfuta, na dangin Linux, wanda ba a tafiyar da shi da danne-danne. Fayil ake rubutawa, a faɗi yadda ake son kwamfuta ta kasance: manhajojin da za ta ɗauka, harshen da za ta yi magana da shi, shafin da burauza za ta fara buɗewa, abin da za ta riƙe da abin da za ta manta. Kwamfuta ta karanta, ta gina kanta a kan abin da aka rubuta. Wannan bai ishe ka ba, sai da ka ƙara da naka: duk sa'ad da aka kashe ta aka kunna, ta share duk abin da ba ya cikin rubutun, ta dawo fes. Daga nan 'yan ofis suka laƙa maka Malam Sai-an-rubuta. Ni na fara kiran ka da shi, kuma Allah Ya sani ba don yabo na yi ba.

Sau nawa na yi gyara da yamma, na zo da safe na tarar babu ko ƙurarsa? In hau faɗa ina buga tebur, kai kuma kana kurɓar shayinka, ka ce, "Faɗa mata ka yi ko rubuta mata ka yi?" In ce kwamfutarka ta gaji taurin kan mai ita. Ka yi dariyar nan taka marar sauti, kafaɗu kawai ke rawa, sannan ka jawo kujerarka kusa da tawa ka nuna mini layin da zan ƙara. Ba ka taɓa karɓe allon rubutu daga hannuna ba, ko da ina ɓata maka lokaci.

Na daɗe ina ɗauka son tsari ne kawai yake damun ka, sai daga baya na san mafarin abin. Kafin in zo laburaren, wata baiwar Allah ta taɓa tashi ta bar akwatin saƙonninta a buɗe. Wanda ya zauna bayanta ya karanta abin da bai shafe shi ba, ya kuma kai maganar har unguwarsu. Matar ba ta sake tako ɗakin ba. Ka ce mini mutanen da ke zuwa wurinmu ba su da wata kwamfutar a gida, ba su san inda ake danna fita ba, kuma bai kamata mantuwarsu ta zama abin tona musu asiri ba. Tun daga ranar ka rubuta wa burauza cewa da zarar an rufe ta, ta manta da kowa. Dubban mutane sun zauna a kujerun nan sun tashi da asirinsu a rufe, babu wanda ya san akwai mai tsaya masa.

Akwai kuma ɗabi'arka ta rubuta dalili a saman kowane layi. Wani layin ka sa masa, saboda tsohon direba mai rawar hannu. Wani kuma, saboda mai ɗinkin da tallace-tallace masu tsalle ke rikita ta. Wanda ya karanta fayil ɗin laburare daga sama har ƙasa zai san rabin masu shigowa ɗakin, alhali ba ka ambaci sunan kowa ba. Ni ma ina ciki. Akwai layin da ka sa wa, saboda abokina ba zai tuna ba. Na gan shi tun tuni, na yi kamar ban gani ba.

Amma ba don laburare na ɗauki alƙalami ba. Akwai aikin da ka bari a gida, kuma ya kamata ka ji yadda ya ƙare.

Matarka, Malama, tana koyar da lissafi ta intanet daga ɗakin karatunku tun sa'ad da idanunta suka fara rauni. Ciwon ya yi ta cin ganinta sannu a hankali, har abin da ya rage mata shi ne manyan haruffa masu ruwan ɗorawa a kan baƙin allo. In aka ba ta su haka, tana karanta aikin ɗalibanta, ta gyara, ta yi musu faɗa yadda ta saba. In aka ba ta ƙananan baƙaƙe a kan fari, haske kawai take gani. Duk wanda ya san Malama ya san ba ta son a karanta mata. Ta fi son ta kai hancinta jikin allo da ta ce wa wani zo ka duba mini.

Kwamfutar gidan ma ka tsara ta kamar na laburare, har da sharewar nan in an kashe an kunna, sai dai foldar darussanta, wato ma'ajiyarsu a cikin kwamfutar, da ka rubuta a bar mata. Na ce da kai, Malam, gida ne fa, wa zai leƙa asirin wa? Ka ce so kake ko kwamfutar ta ƙone, a kawo wata a ɗora mata fayil ɗin, haruffan Malama su dawo yadda suke ba tare da ta roƙi kowa ba. Na ce to, Allah Ya ba da sa'a, na bar ka da halinka.

Makonni kaɗan kafin rasuwarka aka sabunta burauzar. Da aka kunna kwamfuta, haruffa suka dawo ƙanana, allo ya koma fari fat. Ba ka taɓa fayil ɗin ba, ga layin girman haruffa, ga na launi, duk suna inda ka bar su, amma burauza ta yi kunnen uwar shegu da su. Ka sa kwamfuta ta sake gina kanta, ta ce ta gama lafiya, babu kuskure. Ka buɗe burauza, babu abin da ya canja. Na ga yadda abin ya tsaya maka a rai. Kakan zo ofis ka zauna shiru, shayi ya huce a gabanka, kana bin layukan nan da yatsa. Har ka tambaye ni shawara, abin da ba ka cika yi ba. Na ba ka irin tawa, na ce shiga saiti ka gyara da hannu mana, mata tana da darasi.

Ka yi hakan, don ba ka da mafita. Washegari ka faɗa mini murya ƙasa-ƙasa kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Na yi ta tsokanar ka, na ce yau Sai-an-rubuta ya shigo jam'iyyarmu. Ba ka yi dariya ba. Ka san gyaran hannu a kwamfutar nan ransa ɗaya ne: da zarar ta mutu, ya tafi, kuma Malama ba za ta iya ganin ƙananan rubutun saiti ba balle ta mayar da shi. Shi ya sa ka ce mata kada a kashe kwamfutar har sai ka gano matsalar. Ta ce mini ranar da za ka asibiti ma, kana bakin ƙofa kana sa takalmi, ka waiwayo ka sake faɗa.

Ranar da muka dawo daga rakiyarka, gida ya cika da masu gaisuwa, zafi ya yi yawa. Yayanka ya shiga ɗakin karatu yana neman inda zai jona fanka, ya kai hannu zai zare wayar kwamfutar. Malama tana daga ɗakin da ke kallon ɗakin karatun, ban san yadda aka yi ta gane ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, kada ka taɓa!" Gidan ya yi tsit. Tun da nake zuwa gidanka ban taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar ɗaki ba. Bawan Allah ya janye hannu yana ba da haƙuri, bai san laifin da ya yi ba. Ban da ita, ni kaɗai a wurin na san abin da ake ciki.

Da ƙafa ta ɗauke na koma. Mahaifiyarta ta zauna mana a bakin ƙofa da carbinta. Ɗakin yana nan yadda ka bar shi: kujerarka mai matashin da ya lotse, tabaranka a kan littafin lissafinta, da akwatin batirin nan a ƙarƙashin tebur wanda ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in wuta ta ɗauke. Na duba shi. Ya tsufa, ba zai jure doguwar ɗaukewa ba.

Na ce, "Malama, kada wannan ya dame ki. Ko ta mutu, ki aiko a kira ni, in zo in mayar miki da hannu. Abin minti kaɗan ne."

Ta ce, "Na gode, Injiniya. In wuta ta ɗauke ina tsakiyar darasi fa? Ka baro aikinka ka taho? Yau ka zo, gobe ka zo, jibi kana da naka uzurin. Shi bai so in zama mai jiran wani ba, ni ma ban so ba. Ka gyara ta yadda ya so ya gyara ta." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma kada ka kashe ta."

Na zauna a kujerarka. Shafukan da ka buɗe suna jere a saman burauza, sun yi yawa har sunayensu ba sa fita. Na bi su ɗaya bayan ɗaya yadda ka buɗe su, na ga hanyar da hankalinka ya bi. Dukansu a kan abu ɗaya suke: yadda mai rubuta fayil yake yin kuskure. Ko an canja sunan saitin, ko lamba ake sawa ba kalma ba, ko wani layi yana danne wani. Ka sake rubuta layin girman haruffa ta fuska daban-daban, kana gwadawa kana gogewa. Ni ma na bi sawunka na yi ta zargin rubutun. Na je na dawo, na sake zuwa na dawo, ban ga komai ba sai ciwon kai.

Abin da ya fitar da ni ba wayo ba ne, halina ne na leƙe-leƙe da ka sha yi mini faɗa a kansa. Na gaji da fayil, na shiga cikin burauzar in ga inda take ajiye kayanta. Sai ga shi. Tun da aka sabunta ta, ta buɗe wa kanta sabuwar folda a wani wuri, can take duba saitinta. Tsarinka kuwa yana nan yana kai saƙonka tsohuwar folda kullum, ba fashi. Na buɗe tsohuwar. Ga girman haruffan Malama, ga ruwan ɗorawa, ga baƙin allo, komai daidai, a ajiye a inda babu mai karantawa.

Abokina, fayil ɗinka ba shi da kuskure ko ɗaya. Ka tafi kana zargin hannunka, alhali hannunka bai yi laifi ba. Na zauna a wurin ina jin haushinka, wallahi haushi na gaske, don haka kake a komai. In abu ya lalace, kanka kake fara tuhuma, ka yi ta tuhuma, ba ya zuwa maka cewa wataƙila ɗaya ɓangaren ne ya kauce. Makonninka na ƙarshe a duniya, da ciwo a ƙirjinka, ka ƙarar da su kana neman laifin da babu shi. Da na zo gidan tun kana raye na yi leƙe-leƙena, da mun yi dariya mun wuce wurin. Na kifa kaina a tebur na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Layi ɗaya ne gyaran, wanda zai nuna wa tsarin sabon wurin. Na rubuta shi, na sa masa dalili a sama yadda kake yi. Na gwada a wata kwamfuta a laburare, ya yi. Amma ta gidan ba za a tabbatar ba sai an kashe ta an kunna, kuma hakan zai tafi da gyaran da ka yi da hannunka da duk shafukan da ka bari a buɗe. Na yi wa Malama bayani. Na ce zan kwafe mata adireshin shafukan kaf, ba abin da zai ɓata.

Ta ce, "Ba karanta su nake yi ba, Injiniya. Ni me na sani a ciki? Nakan shigo ne in taɓa linzamin kwamfutar, allon ya haska, in ga abin yadda ya bar shi."

 Na ce ta yi tunani, na tafi. Na koma ta ce tukuna. Na sake komawa ta ce tukuna. Ni da rashin haƙurina har na fara matsa mata da maganar batiri, mahaifiyarta ta yi mini wani kallo, na bar maganar.

Ana haka wata rana da la'asar, ina gidan, wuta ta ɗauke. Akwatin batirin ya fara kuka, ƙit, ƙit, yana ƙara sauri. Malama ta taso da lalube ta dafa tebur da hannu biyu, ta tsaya a kan kwamfutar, leɓunanta suna motsi. Babu abin da ɗayanmu zai iya yi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Allah Ya sa wutar ta dawo kafin batirin ya ƙare. Ta daɗe a tsaye ba ta saki teburin ba, sannan ta ce, "Gara in kashe ta da hannuna da a kashe mini ita. Ka tabbata ka rubuta?"

Na ce na rubuta.

Ba ta bari na nuna mata maɓallin ba, ta san inda yake. Ta yi bismillah ta danna. Shafukanka suka rufe, allo ya yi baƙi. Ta sake dannawa. Rubutun farawa ya yi ta gudu, ni kuma ina fargaba, don in ban yi daidai ba na raba ta da abu biyu a lokaci ɗaya. Ta lalubi linzami ta buɗe burauza. Haruffa suka fito manya-manya, ruwan ɗorawa a kan baƙi, daga fayil ɗinka. Shafi ɗaya ne tak a buɗe, shafin darussanta.

Ta matso da fuskarta ta karanta layin farko a fili. Ta ce, "Ina gani." Babu murna a muryarta, ni ma ban ji wata murna ba.

Ina haɗa jakata ta ce, "Yanzu ko an kashe ta ba komai?" Na ce ba komai, duk sa'ad da aka kunna haka za ta dawo. Ta gyaɗa kai, ta kai hannu ta kashe ta. 'Yar fankar da ke cikin kwamfutar, wadda ke juyawa tun kana gidan, ta tsaya. Ɗakin ya yi shirun da ban taɓa ji a cikinsa ba. Malama ta saurara, ta saurara, sannan ta ce, "Ashe ƙarar nan ce take sa nake ji kamar da mutum a ɗakin." Mahaifiyarta ta rufe fuska da mayafi. Na yi musu sallama na fita, ban iya jiran amsa ba.

Ta koma darussanta. Takan kunna da safe ta kashe da yamma, kuma ba ta kira kowa ba.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bayinKa da ba su ma san shi ba. Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka da ta ga abin da kowace uwa ke roƙon kada ta gani, da yayanka, da sauran 'yan uwa, da abokan aikinmu da masu zuwa laburare waɗanda har yanzu suke leƙowa suna tambaya ina mutumin nan mai shiru. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Malama kuma, ban da kalmar da ta kai girman abin da ya same ki. Allah Ya tsare miki sauran ganinki, Ya dafa miki, Ya zama gatanki a cikin shirun ɗakin nan. Amin.